Tambaya da Amsa: Rikoda ta tauna kaset ɗin kiɗan marigayi, zai gyaru kuwa?

Filin namu na wannan karon kusan gaba ɗaya saƙon wata 'yar uwa ne ya cinye shi, ta rubuto daga ƙasar Ayalan, na ba ta amsa ta je ta gwada ta sake dawowa da wasu tambayoyin, sai na ga gara in kawo duka yadda kowa zai amfana. A tsakiya na saka tambayar wani ɗan uwa don maganarsu ta zo ɗaya.

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Dan Allah ka taimaka min wallahi ina cikin damuwa. Ina zaune a garin Ennis da ke gundumar Clare, ina da maƙwabciya wata dattijuwa 'yar ƙasar da ta haura tamanin, Mama nake ce mata don tun da na tare a unguwar ta riƙe ni kamar 'yar cikinta. Mijinta ya daɗe da rasuwa, makaɗin goge ne irin nasu na gargajiya, ba wai sananne ba ne, a gida da gidajen abokai yake kiɗansa. Abin da ya rage mata na kiɗansa kaset ɗaya ne tak da aka ɗauka a kicin ɗinsu sama da shekara arba'in da suka wuce, shi da abokansa biyu, ɗaya na busa sarewa ɗaya na matsa konsatina, wani ɗan akwatin kiɗa da ake matsawa da hannu biyu. Ni ce na ce ta kawo in sa mata ta ji, na samo wata tsohuwar rikoda a shagon gwanjo, ko minti biyar bai yi ba sai na ji sautin yana ja yana lanƙwashewa, ina buɗewa na ga zare ya nannaɗe a ciki, garin jawowa ya tsinke. Yanzu wajen kamu guda ya yamutse, baki ɗaya ya shige ciki, kuma ɗan soson nan na tsakiya ya faɗo. Mama ba ta ce min komai ba amma na ga idonta. Wani ya ce in liƙe da salatif kawai. Malam zai gyaru? ko shikenan na ɓata mata abinta?

AMSA

Wa'alaikumus salam 'yar uwa. Ki kwantar da hankalinki, in dai ba ki zubar da ko guntun zare ba kuma ba ki sa salatif ɗin nan ba, to kiɗan marigayi yana nan, abin da za a rasa bai taka kara ya karya ba. Amma daga yau kar kaset ɗin ya sake shiga wata na'ura sai ranar da aka shirya kwafe shi, wannan ita ce maganar da nake so ki riƙe fiye da komai.

Kinga shi kaset, kwanson robar nan ba komai ba ne, ana iya jefar da shi a sa wani. Sautin yana kan zaren, wata siririyar leda ce mai faɗin milimita 3.81 da aka shafa wa garin ƙarfe a fuska ɗaya, shi wannan garin ne maganaɗisu ya jera shi ya zama sauti. Zaren yana tafiya santimita 4.76 a kowace daƙiƙa, wato in aka yanke santimita ɗaya an rasa kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, ko ƙiftawar ido. To amma fa gefen A da gefen B duk a kan zare ɗaya suke, rabin faɗin na wannan rabin na wancan, don haka duk abin da aka yanke sau biyu aka yi asara. Kamu gudan nan da kika ce ya yamutse ya kai kiɗan daƙiƙa 10 a kowane gefe, shi ya sa ban yarda a yanke shi ba sam. Yamutsattsen zare yana magana, zai ɗan yi rawa ya yi ƙasa-ƙasa in an zo wurin amma za a ji, kuma in aka naɗe shi cikin sauran ya kwana biyu a matse yakan ɗan miƙe da kansa. Wurin da ba shi da magani shi ne inda ya ja ya sirance ya murɗe ya koma kamar zaren ɗinki, wannan kam garin ƙarfen ya riga ya tarwatse, a cire shi kaɗai, shi ma a sa a ambulan a ajiye. Akwai masu cewa a goge yamutsattsen wurin da dutsen guga, dan Allah kar ki saurare su, zafi kaɗan ya wuce ledar ta ƙanƙance har abada.

Salatif kuwa matsalarsa gam ɗinsa ne. Yau zai riƙe, bayan wata biyu gam ya tsattsafo ta gefe ya manne zagayen da ke sama da wanda ke ƙasa, ranar da aka kunna ya ɓare garin ƙarfen ya kuma ɓata hed, wato ɗan ƙarfen rikoda da ke karanta sautin daga zaren. Akwai salatif na musamman da aka yi don haɗa zaren kaset, siriri ne gam ɗinsa ba ya malala, ana samunsa a intanet da wurin masu kayan sauti, ki nemi mai faɗin kashi ɗaya cikin takwas na inci, yawanci tare ake sayar da shi da wani ɗan ƙarfen alminiyom mai kwari a tsakiya inda zaren ke kwanciya ya tsaya cak. Sai sabuwar reza, ƙaramar sukundireba, matsefata ta roba, da kaset biyu da ba ruwan kowa da su, ɗaya na koyo ɗaya kuma mai kyau mai noti biyar wanda za a ari kwansonsa. Ki gwada rezar da sukundirebar da allura tukunna, in sun ɗauki allurar to akwai maganaɗisu a jikinsu, za su bar ƙara a daidai wurin, ki canza wasu.

Kafin ki kwance komai ki ɗauki hoton rubutun da ke jikin kaset ɗin da takardar gidansa gaba da baya, wannan rubutun shi ma tarihi ne. Sannan ki shimfiɗa tebur mai tsabta, ba fanka ba yara, ki wanke hannu ya bushe. Tunda baki ɗaya ya shige ciki dole a buɗe. In mai noti ne ki kwantar da shi ki kwance biyar ɗin ki ɗaga murfin sama kaɗai a hankali, na ƙasa ya zauna a kan tebur, ki sake ɗaukar hoto don ki ga hanyar da zaren ya bi ta bayan 'yan tayoyin kusurwa. In kuma irin wanda aka manne ne ba noti, sai an tsaga shi ta gefe da bakin wuƙa kaɗan-kaɗan ana zagayawa, nesa da zaren, kuma wannan kwanson ya gama aiki. Abin tsoro a nan ɗaya ne, naɗin zaren ba abin da ya riƙe shi ta gefe, in kika ɗaga shi a tsaye ko ya zame daga hannunki zai warware, kuma kaset ɗin C90, wato mai minti 90, zarensa ya kai mita 130, kin ga aiki ya dawo sabo. Don haka ba ɗagawa ake yi ba, ledar nan mai santsi da ke ƙarƙashinsa za ki kama ki zamo da naɗin biyu zuwa sabon kwanson a kwance. In kin ga an rubuta C120 a jiki ki ninka hankali, zarensa ya fi na C90 sirantaka.

Ni shawarata ki mayar da shi sabon kwanso gaba ɗaya, don ta haka kin huta da maganar soson da ya faɗo. Wannan ɗan soson shi ke danna zare a jikin hed, in babu shi sauti zai dushe ko ya ɓace, kuma manna shi da gam yakan jawo gam ya taɓa zare. Sabon kwanso ya zo da nasa soson da ƙarfensa da ledojinsa masu santsi.

Wajen haɗawa ki tabbata zaren bai murɗe ba, nan mutane suka fi faɗawa, su haɗa fuska da baya, sai a kunna a ji rabin kaset ya yi shiru-shiru. Fuskar da ke kallon waje ta bakin kaset ita ce mai sauti, wadda ke taɓa soso ita ce baya, kuma a bayan ake liƙi. Ki kwantar da bakin biyu a cikin kwarin ƙarfen bayansu na sama, ɗaya ya hau kan ɗaya kaɗan, ki yanke su tare a karkace da reza a ja ɗaya, ki cire 'yan guntayen, bakin biyu su haɗu ba rata ba hawa, ki ɗora salatif ɗin kamar santimita ɗaya da rabi ki murza da auduga har iska ta fita, in ya leƙo ta gefe ki gyare shi. Ki yi wannan a kaset ɗin koyo har hannunki ya faɗa kafin ki taɓa na Mama. In kin rufe sai ki sa biro ko fensir a tayar mai haƙora ki naɗe da hannu har ki wuce wurin haɗin da wurin da ya yamutse. Sai abu na ƙarshe da ake mantawa, 'yan kunnuwan nan biyu da ke saman sabon kwanson ki ɓalle su, in suna nan yatsa ɗaya ya kuskure ya danna jan maɓalli an shafe kiɗan, wannan kuma babu mai gyara shi a duniya.

Ita rikodar gwanjo ki ajiye ta gefe, laifin nata ne ba na kaset ba. A ciki akwai siririn ƙarfe mai juyawa da 'yar tayar roba da ke matse zare suna turo shi, sai taya mai haƙora ta naɗe. In bel ya saki ko robar ta tsufa ta yi danƙo, turowa na ci gaba naɗewa ta tsaya, shikenan zare ya taru ya nannaɗe. Ki nemi aron dek, wato babbar na'urar kunna kaset, mai kyau irin na gida wanda aka yi wa sabis, ba na mota ba, ba kuma mai juya gefe da kansa ba in da hali. A goge hed da ƙarfen da auduga da sifirit mai ƙarfi irin na goge kayan lantarki, a bari ya bushe, a sa kaset ɗin banza ya yi gefe guda cur a ga bai ci ba.

Ranar da za a kunna na Mama kuwa, kunnawar farko ita ce ta kwafewa, kar a ce bari mu ɗan ji tukunna. Waya za a ja daga bayan dek zuwa kwamfuta, ba ɗora wayar hannu a bakin lasifika ba. Manhajar Audacity kyauta ce ta isa. A ajiye a nau'in fayil ɗin WAV, bit 24, aƙalla kilohaz 48, ma'adanan sauti ma 96 suke yi, ban da MP3 a wannan matakin don shi yana zubar da wani ɓangare na sautin ne don fayil ya ƙanƙance. A daidaita ƙarfi da kaset ɗin gwaji yadda ba zai taɓa ja ba, a danna ɗauka kafin a kunna, a bar gefen ya tafi har ƙarshe ba tsayawa, hannunki na kusa da maɓallin tsayarwa musamman in an zo wurin haɗin.

Gaskiya kuma in kin ji hannunki na rawa ko idonki ba ya ganin siririn abu sosai, ba abin kunya ba ne ki kai wa masu wannan sana'ar, kaset ɗaya ne tak ba shi da na biyu. Sai dai ki tambaye su da wane dek za su yi, a wane irin fayil za su ba ki, kuma su dawo miki da kaset ɗin da duk guntun da suka cire.

TAMBAYA

Malam barka da aiki. Ni kuma kwali guda na kaset na tarar a sito, wasu na ga farin abu kamar gari a jikin zaren ta tagar nan, ɗaya kuma da na sa sai ya riƙa ƙara ƙiii yana tsayawa. Na ga ana cewa a gasa su a oban. Sannan ƙaramar na'urar nan mai USB da ake talla tana da kyau?

AMSA

Ɗan uwa farin abin nan fumfuna ce, danshi ya kawo ta. Kar ka hura da baki kar ka shinshina, tana taɓa ƙirji, ka sa takunkumi da safar hannu, ka ware masu ita daban a wuri busasshe mai iska ba cikin rana ba, kuma kar ka sa ko ɗaya a dek don za ta shafa wa duk kaset ɗin da ya biyo baya. Bushewa na kwantar da ita amma ba ta kashe ta, in abin da ke ciki mai daraja ne masu sana'ar za ka kai wa, suna da na'urar da ke share zaren a hankali daga farko har ƙarshe.

Mai ƙarar kuma sau da yawa kwanson ne ya lanƙwashe ko ledojin ciki suka daina santsi ko soson ya taurare, canza kwanso na magance da yawa, in ya ci gaba to zaren ne da kansa ya bushe, ka daina kunnawa. Maganar gashi akwai ta da gaske, amma an fi yi wa manyan zarurrukan faifai na situdiyo masu danƙo, a na'ura ta musamman mai riƙe zafi wajen digiri 50 ba hawa ba sauka. Oban ɗin kicin ba ya iya wannan, narkar maka da su zai yi. 'Yar na'urar USB ɗin nan ta yi wa kaset ɗin da in ya lalace ba za ka yi kuka ba, amma motarta ba ta tafiya daidai, za ka ji sauti na rawa, wasu kuma kai tsaye MP3 suke ba ka. Sauran kaset ɗin ka jera su a tsaye cikin gidajensu, ɗaki mai sanyi, nesa da lasifika.

TAMBAYA

Malam Alhamdulillah ya yi!! jikan Mama ne ya taya ni, mun bi yadda ka ce, ta ji gogen mijinta har tana faɗin wanda ya yi tari a ciki. Sai dai sautin ya ɗan dushe kamar an rufe da bargo, akwai shuuu a ƙasa, wajen ƙarshen gefen B kuma kiɗan kamar yana ƙara sauri. Ga hira da dariya da buga ƙafa a ƙasa da ƙarar kofuna, jikan ya ce akwai manhajar da za ta share duk wannan ta bar kiɗa zalla. Mu yi? Sannan ba mu san sunayen kiɗe-kiɗen ba, kuma yana so ya ɗora a Facebook.

AMSA

Masha Allah 'yar uwa, wallahi na ji daɗin wannan labari, ki gaida min Mama.

Dushewar nan galibi daga tsayuwar hed ne. Rikodar da aka ɗauka da ita a kicin hed ɗinta na iya zama ya ɗan karkace, shi kuma dek ɗin yanzu nasa a miƙe yake, to in ba su dace ba siraran sautuka su ke fara ɓacewa, kuma goge da sarewa a can sama daɗinsu yake. A gefen hed akwai ɗan noti, a yi masa alama da alƙalami yadda za a mayar da shi, a haɗe sautin hagu da dama wuri guda, kaset na tafiya a juya shi kaɗan-kaɗan, ba ya kai ko rabin zagaye, za ki ji inda sautin ya washe, nan za a tsaya a sake kwafewa. Tunda ya wuce lafiya a karon farko ƙarin kunnawa ɗaya ba matsala, amma a riƙe kwafin farkon. Ki duba maɓallin Dolby ma, wato mai rage shuuu, ƙananan rikodojin gida na wancan zamanin yawanci ba su da shi, in an kunna shi a kan kaset ɗin da ba da shi aka ɗauka ba dusar da sauti yake yi, a kashe. Haka maɓallin nau'in zare, in kaset ɗin na talaka ne mai ruwan ƙasa a bar shi a kan na farko.

Saurin ƙarshen kuma batir ne ya yi sanyi a daren da aka ɗauka, motar ta rage gudu, yanzu da aka kunna a gudun daidai sai kiɗan ya yi sauri muryarsa ta hau. Ana gyarawa a kwamfuta, kuma kun yi sa'a akwai konsatina a ciki don ita muryarta a kafe take ba kamar goge da ake ɗaurewa a sassauta ba, sai a auna ƙarshen da farkon kaset inda batir ke da ƙarfi. Amma kar jikan ya ɗauko ma'aunin zamani ya ce dole sai ya dace da shi, tsofaffin konsatina da yawa ba a kan ma'aunin yau aka ɗaure su ba, wasu makaɗan kuma da gangan suke ɗaga murya ko su sauke. A samu tsohon makaɗi na yankin ya saurara, kunnensa zai faɗi inda ya zauna daidai, balle ma kiɗan Clare an san shi da natsuwa, ba a gaggawa a cikinsa.

Batun sharewa kuwa, a'a, ban goyi baya ba ko kaɗan. Fayil ɗin asali a kulle shi yadda ya fito, duk wani gyara a kan kwafi za a yi, shi ma da sauƙin hannu, don manhajojin nan ba su san bambancin shuuu da gogar baka a kan tsirkiya ko numfashin mai sarewa ba, tare suke kwashewa su bar miki sauti kamar daga cikin ruwa. Buga ƙafar nan kuma ai ita ce gangarsu, kiɗan rawa ne, ril mai bugu huɗu, jig mai shida, da hompaif, a kicin irin wannan ake taka su a kan daɓen dutse. Hirar ma ta fi komai tsada, don a nan ne za ki ji wani ya ce wannan a wurin wane na koya, ko ya faɗi sunan da suke kiransa da shi a ƙauyensu.

Dalilin da na nace, shi kiɗan gargajiyar Ayalan da kunne ake gadonsa, kuma abin da aka tsira da shi mutane ne suka bi suka tattara. Francis O'Neill, ɗan gundumar Cork da ya zama shugaban 'yan sandan Chicago a Amurka, ya buga kiɗa 1,850 a littafi a 1903 daga bakin 'yan ƙasarsu da suka yi hijira. Hukumar tattara al'adun gargajiya ta ƙasar da aka kafa a 1935 ta tura Séamus Ennis yana yawo a keke a yammacin ƙasar daga 1942 zuwa 1947, yawanci da alƙalami da takarda yake rubuta abin da ya ji. To amma takarda ƙashin kiɗan kawai take riƙewa, yadda mutum ke jan baka da inda yake ƙawata shi da inda yake jinkirtawa sai a sauti. Da kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, aikin tawagar injiniya Lou Ottens, sai ya zama a shekarun 1970 da 1980 kowa na iya ajiye 'yar rikoda a kan tebur, ta haka aka kama makaɗa irin mijin Mama da ba su taɓa shiga situdiyo ba. Zai yiwu a cikin kaset ɗin nan akwai salon wani kiɗa da babu shi a ko'ina.

Sunaye kuma akwai manhajar Tunepal da ake kunna mata 'yan daƙiƙu ta kawo abin da ya yi kama, da shafin The Session inda aka tara dubban kiɗe-kiɗe, amma kar ki yi mamaki in kiɗa ɗaya ya zo da suna uku ko ya zo ba suna, haka abin yake. Kuma ke ai a tsakiyar gidan abin kike. Ƙungiyar Comhaltas Ceoltóirí Éireann da aka kafa a Mullingar a 1951 tana da cibiya a nan Ennis, Cois na hAbhna, da ma'adanarta, kuma garinku ne ya karɓi babban bikin kiɗan ƙasar na Fleadh Cheoil a 2016 da 2017. Miltown Malbay na da kusan kilomita 30 daga wurinku, duk watan Yuli tun 1973 ake makon tunawa da Willie Clancy, gwanin algaitar nan tasu mai jakar iska da ake zugawa da gwiwar hannu, wadda UNESCO ta sa cikin gadon duniya a 2017. A irin wannan taron za ki samu dattijon da zai ji daƙiƙa biyar ya faɗi suna, wataƙila ma ya san masu kiɗan.

Sai ki tuntuɓi ma'adanar kiɗan gargajiya ta ƙasa, ITMA, da ke lamba 73 a Merrion Square a Dublin, tun 1987 aikinsu kenan, tara irin waɗannan kaset na gida da adana su, kuma kowa na iya shiga ya saurara kyauta. In Mama ta yarda a ba su kwafi ko kaset ɗin kansa, ku tambayi sharuɗɗan tukunna, wa zai iya ji, za a sa a intanet ko a'a, a rubuta. Facebook ma haka, a dakata sai an nemi izininta da na iyalan abokan nan biyu, kiɗan gargajiya ba mallakin wani ba ne amma wanda ya kaɗa yana da haƙƙi a kan abin da aka ɗauka a dokar ƙasar, ga kuma hirar cikin gida da wataƙila ba za su so duniya ta ji ba.

Abin da zan roƙe ki ki yi cikin makon nan, ki zauna da Mama ku kunna daga farko, ki ajiye waya tana ɗaukar muryarta, ki riƙa tsayarwa kina tambaya, wannan muryar waye, wane ƙauye, wace shekara, wane dalili ya tara su a daren, gogen yana ina yanzu. Ki rubuta a takarda da mintin da kowane abu ya faɗo, ki ajiye tare da fayil ɗin da hotunan da kika ɗauka. Kwafi uku za a yi, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a wata ma'ajiya daban, ɗaya a wani gidan ko a intanet, sai a yi wa Mama nata a faifan CD ko a waya, duk wanda ya fi mata sauƙin kunnawa. Kaset ɗin da tsohon kwansonsa mai rubutu su koma gida ɗaya a ajiye a tsaye a ɗaki busasshe, kar a yar don an kwafe, in an samu dek da ya fi wannan nan gaba za a so a sake ɗauka.